Ranar da Kawu Ya Nemi Bawul a Jikin Ɓeran Masar

Kawuna mai faci ne, kuma ba zan ci amanar gaskiya ba, a kan taya ba shi da na biyu a layinmu. Mota za ta tsaya, tun direba bai buɗe baki ba Kawu ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa tayoyin da bayan yatsa, ya kasa kunne, ya ce ta baya ta hagu ce ke sacewa. A kwance, a duba, a tarar da ƙusa. Da Allah ya tsayar da shi iya nan, da yau ba ni da abin ba ku sai yabo.

Amma Kawu ya ɗauka tunda ya gane taya, ya gane duniya da abin da ke cikinta. A wurinsa komai iri biyu ne: wanda ya cika da wanda ya sace. 'Yan layi suka laƙaba masa Injiniya don tsiya, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa mai fenti ya rubuta masa a allon rumfarsa, a saman hoton taya. Haƙorinsa da kansa ya cire da filaya, ya cire mai lafiyar ya bar mai ciwon, sannan ya ce dama shi ma ya kusa kamuwa. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ya ce "ban sani ba". In aka tambaye shi abin da bai sani ba, sai ya yi gyaran murya, ya ce, "To, kun ga yadda taya take..."

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, tela ce ni, shagona yana kallon rumfarsa, titi ne kawai ya raba mu. Saboda haka babu injiniyancin da ya yi a bayan idona.

Wadda ta fi kowa ɗanɗanawa ita ce matarsa, da muke kira Inna. Tun suna da sauran ƙuruciya ya buɗe mata keken ɗinkinta don wai yana ƙara. Da ya mayar, sai ga 'yan ƙarafuna sun rage a faranti, ya ce masu kamfani ne suka sa su don ado. Keken kam ya daina ƙara, bai sake yin ɗinki ba ma. Fankar ɗakinsu, bayan ta bi ta hannunsa, silin ta koma tana yi wa fifita. Tukunyar da ta huje ya liƙe ta da sholishon faci, aka daɗe ana cin abinci mai ƙamshin roba, yana cewa hancinmu ne. Inna ba mai faɗa ba ce. Abin da ta koya kawai shi ne ɓoyo: in abu ya lalace a gidan, sai ta naɗe shi a zani ta kawo shagona, ni in kai wa mai gyara ba da sanin maigidan ba. Matan wasu suna ɓoye wa maza sabon kaya, ita lalatacce take ɓoyewa.

Da 'ya'yansu suka girma suka watse, gida ya yi mata faɗi, sai Inna ta sayo ɓerayen Masar guda biyu, ta sa musu keji a baranda. Ɗaya baƙi ne, mai ƙiba, ba ya motsi sai dole, yana zaune yana kallon mutane kamar zai yanke hukunci, ta sa masa Alƙali. Ɗayan ja ne, ba ya zama wuri ɗaya, ta sa masa Masinja. Da sun ji takunta, ko motsin leda a hannunta, sai su ɗauki fito, gida ya cika. Kawu ya ce shi bai taɓa ganin inda ake kashe ɓera a ɗaki ana yi masa shimfiɗa a baranda ba. Ni kuwa na san abin da Inna ta samu a wurinsu: duk gidan nan su kaɗai ne ke murnar dawowarta ba tare da sun yi mata bayani ba.

Ana nan aka yi wa yayar Inna aiki a wani gari mai nisa, dole ta je jinya. Na ce ta kawo min kejin shago. Tana ninke kaya ta ce, "Bar su wurin Malam. Tun ba a haife ki ba muke tare. A ce ko ɓera ba zan iya bar masa ba?"

Tun bayan keken ɗinkin nan, wannan ne karo na farko da ta sa wani abu nata a hannunsa da son ranta. Ta sani, na sani, shi ma duk da borin kunyarsa ya sani. A gabana ta yi masa bayani: busasshiyar ciyawa kada ta yanke a kejin, ruwa mai tsabta, ɗanyen ganye kuwa ɗan kaɗan, abin da bai cika tafin hannu ba. Ya ce, "Uwargida, mutumin da yake riƙe da rayukan fasinjojin motoci a hannunsa kike koya wa kiwon ɓera?" Amma da ya fito, har mai aski sai da ya ji cewa an bar wa Injiniya amana. Ya ji daɗi, daɗin da ban taɓa gani a fuskarsa ba, har na ɗan ji tausayinsa tun kafin komai ya faru.

Maƙwabcin rumfarsa mai kayan lambu ne. Kullum yana ɓare ganyen bayan kabeji ya zubar. Da ya ji labarin amana, sai ya cika wa Kawu buhu da ganyen, jiƙe sharkaf da ruwan da yake yayyafa wa kayansa. Kawu ya dubi buhun, ya tuna busasshiyar ciyawar Inna, nan take ya gano cewa matarsa ta daɗe tana zaluntar bayin Allah. Wane mai hankali zai ci busasshe ga ɗanye? Ya kwashe ciyawar tas ya zuba a shara, ya cika kejin da kabeji. Burinsa Inna ta dawo ta tarar sun yi ɓul-ɓul, ta san ta auri mutum.

Masinja ya ɗan gutsura ya ci gaba da gudunsa. Alƙali kuwa ya zauna a kan kabeji kamar an ce gobe za a hana.

Washegari Kawu ya girgiza leda, Masinja ne kaɗai ya amsa. Ya leƙa, ya ga cikin Alƙali ya yi tim, ya ce ma sha Allah, aiki ya fara kyau. Sai da hantsi ya yi ya koma gida ɗauko wani abu, ya tarar da shi a lungu ya dunƙule, gashi ya tashi, ido ya kankance, yana cizon haƙora, numfashi sama-sama. Ya miƙa masa ganye, ya kau da kai. Ɓangaren da yake kwance kuma fes, babu ko ƙwayar kashi, alhali dabbar nan a ranar lafiyarta sai ka share ka sake sharewa.

Mai hankali a nan zai nemi likitan dabbobi, asibitinsu ma ba nisa. Kawu ya sa Alƙali a kwali ya kai shi rumfar faci.

Ina kan keke ina ɗinki na hango mutane sun yi da'ira a rumfar: mai kayan lambu, mai aski da tawul a kafaɗa, da wani direban tasi da ya kawo taya aka manta da shi. Na ɗauka wani abin mamaki aka ciro daga taya, na ci gaba da aikina. Abin da ya faru kafin in tsallaka, direban ne ya ba ni daga baya, yana ba ni yana share hawayen dariya.

Kawu ya ɗora Alƙali a kan benci, ya ƙwanƙwasa cikin da bayan yatsa, ya kasa kunne. Cikin ya amsa kamar ganga.

"Iska ce," in ji shi.

Kuma wallahi iskar ce. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan da Kawu: yakan fara da gaskiya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, da bai gano komai ba da tsoro ya kai shi asibiti. Amma an ce iska, an shigo gonarsa.

"To, kun ga yadda taya take," ya ce wa jama'a. "Iska ba ta shiga sai da ƙofa. Inda ta shiga, ta nan za ta fita. Bawul ɗin kawai za mu nema."

Ya juya dabbar nan gaba da baya, ya ɗaga ƙafa, ya leƙa kunne, ya duba inda wutsiya ya kamata ta kasance. Bai ga abin da ya gamsar da shi ba. Sai ya jawo bahon da yake tsoma robar cikin taya don ganin inda take kumfa, baƙin ruwan nan da ba a tuna ranar da aka canza shi ba, ya tsoma Alƙali zuwa wuya, yana juya shi a hankali. Manyan maza huɗu suka sunkuya suna jiran kumfa.

"Ba ya yoyo," in ji Kawu da ya ɗago shi. "Matsalar ke nan. Da yana yoyo da ya warke da kansa."

Mai kayan lambu ya ce ko a ɗan ba shi ganye ya samu ƙarfi. Kawu ya ce tayar da ta cika ba a ƙara mata, daga yanzu ko ruwa ba zai sha ba sai ya sace. Ya kwantar da shi a cinya, ya sa manyan yatsunsa biyu ya danna cikin, irin dannar da yake yi wa roba in yana so ya koro iska. Alƙali ya yi wata ƙara siririya da ta ratsa ƙarar kekena. Ita ce ta ɗago da ni.

Na ƙetare titi da almakashi a hannu, ban ma san ina riƙe da shi ba. Na tarar Kawu ya buɗe gwangwanin da yake ajiye tarkace, ya zaro allurar da yake ba ƙwallon yara iska, yana goge ta a gefen wandonsa.

"Kawu, me za ka yi da wannan?"

"Ke 'yar nan, koma ɗinkinki. In ƙwallo ta cika da yawa, me ake yi? Ɗan tsss, shi ke nan."

"Ƙwallo tana da hanji?"

"Ni za ki koya wa iska? Tun uwarki tana rarrafe nake wannan aiki."

"Na ji. Amma ka ga wayar nan? In allurar nan ta taɓa shi, kafin ka zare na kira Inna, in kanga maka ita a kunne ka yi mata bayanin taya."

Mai aski ya tuna ya bar mutum da rabin kai. Mai kayan lambu ya ga kamar ana taɓa masa tumatir. Kawu ya dubi allurar, ya dube ni, ya dubi Alƙali da ke karkarwa a jiƙe, kansa ya langaɓe a kan cinyarsa. Na ga tsoro ya shiga idonsa, tsoro na gaske. Amma bakin bai mutu ba.

"Dama niyyata in kai shi su tabbatar da abin da na gano," ya ce, ya mayar da allurar gwangwani.

Na naɗe Alƙali a wani yadin mutane da aka kawo min ɗinki, na rungume kwalin, muka hau babur ɗin Kawu.

Likitar dabbobin yarinya ce, ba ta kai ni ba, kuma tun daga nan Kawu ya fara tsuke baki. Ba ta bar mu a layi ba. Tana taɓa cikin ta wuce da mu ɗakin ciki, ta ɗora shi a kan tawul mai ɗumi, ta fara tambaya: yaushe rabonsa da ci, yaushe rabonsa da kashi, me aka ba shi.

"Abin da ya saba," in ji Kawu.

Ta shafa gashin, ta shinshina yatsunta. "Baba, me ya jiƙa shi?"

"Gumi ne. Zafin ciwo."

"Ba sa gumi, Baba. Kuma warin roba yake yi." Ta ajiye abin sauraron ƙirji ta dube shi. "Ba shari'a nake yi ba. Wannan kumburin yana kashe su cikin yini. Ba sa iya amai, ba sa iya mayar da abin da ya tsaya musu, in ciki ya tsaya iska ce ke ta taruwa. Wani lokaci ma tumbin yakan murɗe. In an danna shi ko an ɗura masa wani abu, sai na sani yanzu, don abin da zan yi ya dogara da haka."

Da gangan na bar masa amsar. Kawuna ne, ba zan tsinka shi a gaban baƙuwa ba, kuma ina so in ga ko girman kan nan zai yarda ya sunkuya don ran wani. Ya dubi silin, ya dubi hoton karnuka a bango. Alƙali ya sake cizon haƙora, ƙas-ƙas-ƙas.

Gaskiyar ta fito, amma a gutsure, kamar ana cire masa ƙaya. Kabeji, ɗan kaɗan. To, buhu. Ciyawar, ya ɗan rage ta. To, ya zubar. Ruwa, wanka ne kawai. Danna kuwa, shafawa ce da ɗan nauyi. Allurar ce kaɗai bai ambata ba, ni ma na bar ta.

Aka ɗauki hoton cikin. Likita ta nuna mana a allo: wani baƙin kumburin iska ya cika kusan rabin dabbar, ya tura komai gefe. Ta ce mun ci sa'a tumbin bai murɗe ba. Ta yi masa allurar kashe zafi, ta sa masa ruwa a ƙarƙashin fata, sannan ta ce za ta ɗan sa shi barci ta zura siririn bututu ta baki zuwa tumbi, ta rage iskar.

Kawu ya farfaɗo nan take. "Bututu! Ba na faɗa ba? 'Yar nan, kin ji? Bawul ke nan. Abin da nake nema ke nan tun safe."

"Ta baki, Baba," in ji likita, "kuma ba a rumfa ba." Ta rufe ƙofa ta bar mu a benci.

Da yamma ta sallame mu da magunguna, da garin ciyawa da za a dama, da sirinji marar allura. Ta ce hana shi abinci shi ne mafi munin abin da za a yi masa, domin cikin irin wannan dabba in ya zauna babu komai ƙara tsayawa yake. A riƙa ɗura masa kaɗan-kaɗan, a kai a kai, ta gefen baki. A sa shi wuri mai ɗumi, a bar shi ya ɗan taka, a shafa cikin da tattausan hannu, shafawa ba dannawa ba. Ta maimaita wannan tana kallon yatsun Kawu. Ta ce kada mu yi murna sai mun ga kashi, in kuma cikin ya sake tauri, a dawo da gudu.

A nan ne na ga abin da ban taɓa zato ba. Kawu ya rufe rumfa. Mutumin da ranar bikin 'yarsa ya bar baƙi ya je ya liƙe tayar wata babbar mota, ya ja ƙyaure ya sa kwaɗo saboda ɓera. Ya shimfiɗa tabarma a baranda, ya zauna da kofi da sirinji. Yatsun nan masu kaushi, da baƙin mai ya zauna musu a farce, suka koyi riƙe haɓar Alƙali ba tare da sun matse ba. Rabin abincin a rigarsa yake ƙarewa. Yana ɗurawa yana lallashi: "Haɗiye, ranka ya daɗe. Haɗiye ka rufa min asiri." Direbobi suna ta buga masa waya, yana cewa yana kan wani babban aiki.

Kuma duk bayan ɗan lokaci sai ya ɗaga dabbar ya leƙa ƙarƙashinta. Injiniya guda, sarkin layi, ya wayi gari babu abin da yake roƙon Allah sai kashin ɓera.

Da abin ya zo, ina shago ina gwada wa wata mata riga. Sai ga Kawu ya tsallako titi ba takalmi, ya kutso, ya buɗe tafin hannu a gaban hancin baiwar Allah. Wasu 'yan ƙanana ne, busassu, a mommotse.

"Ya yi! 'Yar nan, duba, ya yi!"

Matar ba ta sake kawo min ɗinki ba. Amma ni ma na yi murna, har na rungume shi, abin da rabona da yi tun ina 'yar firamare.

Alƙali ya tashi. Ya rame, fatar ciki ta saki, amma ya koma cin ciyawa da kansa, kuma ya koyi sabon abu: da ya ji muryar Kawu sai ya ɗauki fito. Da Kawu ya san inda ake tsayawa, da labarin ya ƙare lafiya. Sai dai hali zanen dutse. Yana buɗe rumfa labari ya fara canza kama. Ranar farko shi da likita suka yi aikin. Kafin mako ya zagayo likita ta koma mai riƙe masa fitila. Ya bi layi yana gargaɗin kowa kada a gaya wa Inna komai, sannan ya zauna yana ba duk wanda ya kawo taya labarin daga farko.

Inna ta dawo da rana tsaka, ina gidan na kai mata ruwa. Ko mayafi ba ta cire ba ta nufi keji. Ta ɗauki Alƙali, ta ɗan jinjina shi a tafin hannu, ta shafa cikin, ta dubi mijinta.

"Malam, me ya same shi?"

Da a ce ya gaya mata ya yi kuskure, ya ba shi kabeji, ya tsorata, ya yi jinya, na rantse da ta yafe kafin ya rufe baki, domin ta ga ramar da shi kansa ya yi. Amma an tambayi Injiniya, sai ya gyara zama. Ya ba ta labarin yadda ya gano ciwon da ƙwanƙwasa ɗaya, yadda likita ta yi mamaki, yadda aka bi shawararsa ta bututu. Yana cikin jin daɗin bakinsa ya nuna ni da haɓa.

"Ai da 'yar nan ba ta zo da rigimarta ba, da ko asibitin ba a je ba. Allurar ƙwallo tana hannuna, ɗan tsss ya rage."

"Allurar me?"

"Ta ƙwallo. Kin ga yadda taya take..."

Inna ta ɗauke ido daga kansa. Ta sunkuyar da kai ta dubi cikin Alƙali, ta sa tafin hannu ta rufe shi. Ta daɗe a haka. Sannan ta mayar da shi keji, ta shiga ɗaki ta cire mayafi, ta fito ta tambaye ni ya ɗinki. Kawu ya ɗauka an wuce wurin. Ni da na san ta, na san ba a wuce ba.

Abin takaicin shi ne, a aikace Kawu ya canza, bakin ne kawai bai samu labari ba. Shi ke sayo ciyawa, yana shinshinawa yana zaɓen wadda ba ta yi fumfuna ba. Ya yi wa mai kayan lambu iyaka da ƙofar gidansa. Kullum da safe kafin ya fita sai ya duba kejin ya ga an yi kashi, ya taɓa cikin kowannensu da yatsa ɗaya. Inna tana gani, ba ta hana ba, ba ta yaba ba.

Bayan 'yan watanni jikin yayar ya sake tashi, aka ce Inna ta koma. Kawu ya shiga shiri kamar mai jiran baƙi. Ya sayo damin ciyawa da ya fi ƙarfin ɓera goma, ya wanke sirinji ya ajiye don ko-ta-kwana, ya karɓo lambar likitar ya sa a waya. Ya gaya wa mai aski cewa an sake bar masa amana, wannan karon ma ba sai an yi masa bayani ba.

Ranar tafiyar, ina buɗe shago, sai ga Inna ta tsallako titi, jaka a kafaɗa, keji a hannu. Ta bi ta gaban rumfar faci, ba ta ɓoye ba, ba ta naɗe a zani ba. Ta ajiye kejin a kan teburin yankana.

"Ga su nan. Ciyawa da ruwa, ganye kaɗan." Ta gyara mayafi. "Kawunki zai zo. Ki bar shi ya gani. Kada ki bar shi ya taɓa."

"Inna, ai ya koya. Wallahi ya koya."

"Na sani," ta ce. "Na ga ya koya." Ta fita ta tari mota.

Ta cikin taga ina hango shi. Yana tsaye a bakin rumfa da ƙarfen ɓanɓare taya a hannu, ya bi motar da kallo har ta sha kwana. Mai aski ya leƙo zai yi magana, ya ga fuskarsa, ya koma. Duk yinin ranar ban ji muryar Kawu ba, kuma wanda ya san layinmu ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai da rana ta yi sanyi ya tsallako, ɗauke da damin ciyawar a kafaɗa. Ya ajiye a bakin ƙofa, ya yi sallama kamar baƙo. Alƙali yana jin muryar ya taso da gudu, ya dafa wayar kejin, ya cika shagon da fito.

Ina ta juya yadda zan faɗa masa saƙon Inna ba tare da na karya dattijo ba. Ban kai ga buɗe baki ba. Kawu ya matso gaban kejin, ya sunkuya, ya mayar da hannuwansa biyu baya ya riƙe ɗaya da ɗaya.

"'Yar nan," ya ce, bai dube ni ba, "ɗan taɓa min cikinsa ki ji. Da laushi?"